Bakteriyar Gyaɗa da Rantsuwar Mutumin Soba

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da wani abokina ɗan unguwarmu da ke karatu a Khartoum, ya zo hutu zai koma. Ku da kuka dame ni da tambayar me ya kai malamin sakandare Sudan a tsakiyar azumi, tunda ba Umara na tafi ba, to ku gyara zama.

Shekara ta uku ke nan ina fama da digiri na biyu. Aikina a kan bakteriyar da ke zaune cikin 'yan ƙululun nan na saiwar gyaɗa ne. Duk wanda ya taɓa cirar gyaɗa ya gan su. Bakteriyar cikinsu ce ke jawo wa shuka abinci daga iska, aikin da muke sayen taki ya yi mana. Abin da nake so shi ne a zuba ta cikin wasu 'yan ƙwallaye masu laushi, kamar daskararren kunu, manomi ya shuka su tare da iri. Ƙwallayen dai na iya yin su. Leƙa cikinsu ne ya gagare ni, don madubin da zai yi wannan aiki a wajenmu ya daɗe da lalacewa. Farfesan da ke duba aikina kuwa ba ya wasa. Ya ce in kawo masa hoto da awo na sabon ƙwallo, da wanda ya ɗan kwana biyu, da tsoho, a ga yadda bakteriyar ke hayayyafa da yadda take yaɗuwa a ciki. In ban kawo kafin zaman kare kundi na bana ba, sai baɗi. Abokin nan nawa ne ya haɗa ni da wasu malamai biyu a can, wata a Omdurman, wani a Soba, duk a kewayen Khartoum. Na sa 'yan kwalabena na bakteriyar da na ciro daga gonar kawuna a aljihun gaba, na hau jirgi.

Jirgin cike yake da masu zuwa Umara, yawanci tsofaffi, kowa da ƙullin kilishinsa. Mun ɗan yada zango a Injamena, daga nan sai rairayi, rairayi har ya ishe ni kallo. Can sai ga wani koren layi ya ratsa jar ƙasa, abokina ya taɓa ni ya ce Nilu ke nan. Tun ina firamare nake zana kogin nan a taswira, yau ga shi a ƙarƙashin ƙafata. Na yi ta tasbihi. Da muka sauka aka buɗe ƙofa, zafin da ya mare ni ya sa na nemi gafarar Kano, duk zagin da na yi wa ranarta a watan Afrilu na janye. Tun a filin jirgi abokina ya gargaɗe ni kada in kuskura in ɗauki hoton gada ko wani gini mai soja a ƙofa. Na lura kusan kowane babban gini akwai soja a ƙofarsa, sai kawai na mayar da wayata aljihu.

A unguwar Sahafa muka sauka, gidan da abokina ke haya. Maigidan Bahaushe ne, yana aiki a wani kamfanin man gyaɗa a Bahri. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya ƙwadagon auduga a yankin Jazira na Sudan, zaman da bai tashi ba ke nan. Hausarsu ta ba ni mamaki. Tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Hajja, tana yin irin Hausar kakata, da kalmomin da na yi shekara ashirin ban ji ba. Jikokinta kuwa sai su fara magana da Hausa, kafin su kai ƙarshe sun faɗa Larabci. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Ɗana, Kano tamam? Har yanzu ana rini a karofi?" Na ce ana yi, Hajja. Ba ta taɓa ganin Kano ba.

Shan ruwa a can ba a cikin gida ake yi ba. Kafin magariba sai a shimfiɗa tabarmi a kan layi, kowane gida ya fito da babban tire, maza su zauna tare, wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Ga asida, wato tuwonsu, da miyar busasshiyar kuɓewa. Ga kisra mai kama da sinasir amma siririya kamar takarda. Ga wake da suke kira ful, an kwarara masa man riɗi. Zoɓo da tsamiya da kuka duk na gan su cikin kofi, na ce ashe 'yan gida ne. Wanda ya kama ni shi ne hulu-mur, wani jan abin sha na tsiron dawa da kayan ƙamshi, zaƙi da ɗaci a haɗe. Kuma fa ba wai suna cikin wadata ba ne. Kowa ƙorafin tsada yake, maigidanmu ya ce tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle burodi kullum ƙara ƙanƙancewa yake, kuɗinsa na ƙara girma. Yana faɗin haka da murya ƙasa-ƙasa, yana waige.

Washegari muka haye Omdurman. Malamar da ta karɓe ni, wadda kowa ke ce wa Daktora, dattijuwa ce mai farin lulluɓi, ba ta da yawan magana. Ɗakin gwajinta tsaf, amma kayan ciki duk sun ga jiya. Saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar, in na'ura ta lalace ba a samun kayan gyaranta, don haka sun koyi raba aiki. Injin yanka abu siriri yana wajenta. Madubin da ke nuna bakteriya mai rai yana Soba, can ɗaya gefen birni. Ɗalibai sun saba ɗaukar aikinsu a fulas su tsallake gada, kamar masu kai abinci asibiti.

Ita ta nuna mini in gauraya garin da nake yin ƙwallayen da shi, wanda ake samu daga ciyawar teku, da ƙaro. Ƙaro dai namu na tawada, wanda Sudan ke da shi kamar ƙasa. Muka dama da bakteriyar, na zuƙa a sirinji, na riƙa ɗigawa cikin wani ruwan gishiri na musamman. Kowane ɗigo yana faɗawa sai ya dunƙule nan take, ya nutse, fari sumul kamar ƙwan kifi. Na sha yin haka a gida, amma ban taɓa samun masu kyau irin waɗannan ba. Kashi uku muka yi, muka bar 'yan kwanaki a tsakaninsu, don ranar awo a samu tsoho da matsakaici da sabo. Muka sa su cikin ruwan abincinsu a kan injin girgiza, muka bar su da aikinsu.

Kwanakin jira na yi su ne a yawo. Motocin haya a can ba a ihu. Kwandasta yana karɓar kuɗi ne da ƙyasta yatsu, kai ma in za ka sauka yatsu za ka ƙyasta. Ni da na saba da tashar Bata, ranar farko na buga jikin mota na ce akwai, duk motar ta juyo tana kallona. Na shiga kasuwar Omdurman, rumfunan takalman fata da turaren wuta da tulin dabino kala-kala. Na ga wata babbar ƙubba mai kalar azurfa tana walƙiya da rana. Amma babu inda ya tsaya mini a rai kamar Mugran, wajen da koguna biyu suka haɗu suka zama Nilu. Ɗaya ya taho jawur da laka saboda damina a tudun Habasha, ɗayan fari-fari, a natse. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, nisa mai yawa, kowa da kalarsa, kafin su gauraye. Na tsaya har ƙishirwa ta kore ni.

Ranar awo ita ce jajibirin komawata. Tsarin shi ne a jiƙa ƙwallayen cikin wani rini da ke sa bakteriya mai rai ta yi haske kore, sannan a yanka su siriri a jera kan gilashi, sannan a ruga Soba. Rinin ba ya jimawa, zafi da haske na kashe shi. Ɗan abin da ya rage wa Daktora a gindin kwalba ne, wani ɗan'uwanta ya taho mata da shi daga waje, ta ce in yi amfani da shi duka. Muka yi sammako, muka tarar babu wuta. Mai gadi ya ce, "Kahraba ta yanke, ya ustaz, sai haƙuri." Haƙurin nan muka yi har bayan azahar. Da wuta ta dawo muka fara da sabon kashi, sai matsakaici, tsohon ne ƙarshe. Daktora da kanta ta yi yankan, hannunta ko rawa ba ya yi. Ta naɗe gilasan a baƙar leda, ta jera su cikin fulas a kan ƙanƙara, ta miƙo mini ta ce kada mu tsaya ko'ina. Ta buga wa malamin Soba waya, ya ce gidansa kusa ne, duk lokacin da muka iso zai buɗe mana.

Muka ɗauki shatar amjad, 'yar ƙaramar bas ɗin nan tasu. Na rungume fulas a cinya. Muna isa bakin gadar Farin Nilu muka tarar sojoji sun tsayar da kowa, wai wani babba zai wuce. Ba mai hon, ba mai tambaya. Direbanmu ya ciro carbi. Ni kuwa ina jin ƙanƙara tana narkewa, in na ɗan girgiza fulas sai in ji ƙarar ruwa. Da aka buɗe hanya rana ta riga ta karkata. Muka ratsa tsakiyar Khartoum cikin cunkoson masu gudun gida, muka fita kudu muka hau titin Madani. Nan hanya ta buɗe, direba ya taka, na fara jin numfashina yana dawowa daidai. Gonakin Soba sun fara bayyana a hagu, kore shar a bakin kogi.

Sai direba ya taka birki. Wasu maza cikin fararen jallabiya sun tsaya a tsakiyar kwalta, biyu daga cikinsu sun warware rawani sun miƙe shi daga wannan gefen titi zuwa wancan. Na ɗauka wani shingen ne. Abokina ya dafe kai ya ce, "Malam, mun shiga hannu. Masu shan ruwa ne." Ashe al'adar mutanen wannan hanya ce. In magariba ta gabato sai su tare titi, babu matafiyin da zai wuce da azumi a bakinsa. Na leƙa, ga tabarmi a jere a gefen hanya tsawon filin ƙwallo, ga tire-tire an rufe da faifai masu kala, ga manyan motoci da bas-bas an riga an sauke mutanensu.

Ku da kuka san ni kun san ba ni da wuyar hawa. Na ce wa abokina ya gaya musu muna da uzuri, aikin asibiti ne, su ba mu dabino da ruwa mu sha a mota. Ya faɗa musu. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai gashin baki, wanda shi ne riƙe da bakin rawanin, ya matso ya leƙo ta taga yana murmushi. Abokina ya sake yi masa bayani, ni kuma ina ɗaga masa fulas. Sai mutumin nan ya ɗora tafin hannunsa a kan motar, ya ɗaga murya kowa na ji ya ce, "Alayya talag!" ya ci gaba da wasu maganganu. Direbanmu ya kashe mota nan take, ya fara cire takalmi.

Na ce me ya faɗa? Abokina ya ce, "Ya rantse da sakin matarsa. In muka wuce ba mu zauna mun ci mun yi salla ba, ta saku."

Na ce, "To wa ya aike shi? Ni na aura masa ita?" Da ƙarfi na faɗa, don na tabbata ba mai ji. Sai na ji murya daga bayan motar, da Hausa tas.

"Ɗana, daga ina?"

Wani tsoho ne da sanda, gemunsa fari fat. Kunya ta kama ni har kunne. Na sauko na durƙusa na ce daga Kano, Baba. Ya ce, "Masha Allah. Wancan ƙanen surukina ne, bakinsa ya fi shi sauri, amma ya riga ya faɗa. Yarinyar, matar tasa, tun sallar duhur take kan wuta, asidar nan ita ta tuƙa. Ka sauko, faddal, bismillah."

Na tsaya da fulas a hannu. Ginin da za mu je ba shi da nisa, da na ƙyale su na bi gefen titi da ƙafa watakila da na kai. Na dubi mai gashin bakin. Murmushin ya bar fuskarsa, ya gane abin nawa da gaske ne, ya kuma san ba shi da hanyar janye abin da ya faɗa a gaban jama'a. Ya kasa haɗa ido da ni. Wallahi tausayinsa ne ya kama ni, haushin ma na neme shi na rasa. Na cire takalmi na hau tabarma.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Direbobin tirela, ɗalibai, wani soja shi kaɗai da jakarsa, wasu 'yan Kudu da ba ma azumin suke ba, duk an zaunar da su. Masu gida ba su zauna ba, suna ta kai da kawo da butoci da kofuna, suna rigima da maƙwabtansu a kan wa ya kwashe wa wani baƙi. Da ladan ya kira salla wajen ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kofi. Na kurɓi hulu-mur mai sanyi, idona ya kawo ruwa, ban san ko na rinin da ke mutuwa a gefena ba ne ko na abin da nake gani. Mai rantsuwar ya je ya samo ƙanƙara a kwano ya durƙusa ya ƙara mini a fulas da hannunsa.

Tsohon ya tambaye ni me ke ciki. Na yi masa bayanin ƙululun saiwar gyaɗa. Ya ce ya yi shekaru yana cirar gyaɗa a Jazira, ya ɗauka ciwo ne ke kama saiwar. Da na ce masa masu rai ne a ciki, dubbai, suna ciyar da shukar, ya ajiye lomarsa ya ce, "Subhanallah. Ina ta karkaɗe su da ƙafa." Muka yi salla a nan kan tabarmi, aka kawo shayi, shi ma ba a tsallake shi. Sannan aka naɗe rawani aka sallame mu da addu'a.

Malamin Soba, wani siririn mutum mai tabarau, yana jiranmu a ƙofa. Da ya ji inda muka tsaya bai ko yi mamaki ba. Ya kashe fitilar ɗakin, ya kunna madubin, ya ɗora gilashin sabon kashi. Duhu. Ya juya, ya gyara, duhu. Matsakaicin ma haka, sai wani dishi-dishi da ba ya aunuwa. Su aka fara rinawa, sun riga sun dushe. Saura kashi ɗaya. Ya ɗora na ƙarshe, tsohon kashi, ya daɗe da ido a kai, sannan ya ja kujerarsa baya ya ce, "Ta'al, ya ustaz. Zo ka gani."

Jama'a, na koyar da bakteriya shekara da shekaru a kan allo, da alli. Ban san ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ƙwallon da bai kai ƙwayar barkono ba ya cika idona kamar wata. Gefensa duk ya kama da koren haske, gungu-gungu, manya, sun cunkushe har sun haɗe, wasu sun fasa fatar ƙwallon suna leƙowa waje. Kowane gungu daga ƙwaya ɗaya tak ya faro. Malamin ya riƙa matsar da gilashin a hankali daga baki zuwa ciki, yana aunawa da wani ɗan ma'auni da ke cikin madubin, yana faɗa ina rubutawa. Muna shiga ciki gungun suna ƙanƙancewa, suna nisa da juna. Ba mu yi tafiyar kaurin farce ba suka zama ɗige-ɗige. Tsakiyar kuwa baƙi ƙirin, sai ɗaiɗaiku can da can, yadda na ɗiga su haka suke, ba su ƙaru ba. Na waje sun shanye iska da abinci kafin su kai ciki. Ke nan babban ƙwallo asara ne, ƙanana ya kamata a yi. Na kasa ɗago kaina daga madubin, ina ta maimaita sunan Allah, har hasken ya fara dushewa a idona. Mun samu hotuna kafin ya tafi.

Da hantsi washegari Hajja ta cika mini jaka da hulu-mur busasshe da turaren wuta, ta ce in gaida karofi. Jirgi ya sauke mu Kano bayan la'asar, aka yi mana maraba da ruwan sama.

Bayan salla na kai wa Farfesa hotunan. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, har ya kira wani malami daga ofishin kusa ya zo ya gani. Ya ce bai taɓa samun ɗalibin da ya kawo masa irin wannan ba. Sannan ya ce, "Wannan tsohon ne. Ina sabon da na tsakiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sun dushe a hanya."

"Me ya tsare ka?"

Na ba shi labari tun daga gada har tabarma. Ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya rufe fayil ɗin ya ce kashi ɗaya ya nuna inda bakteriyar ta tsaya, bai nuna yadda ta kai can ba. Sai baɗi.

Na fito raina a jagule, ba zan ɓoye muku ba. Shekara guda ba wasa ba ce ga mai iyali, kuma har yanzu ban san inda zan samo wani rinin ba. Amma tafiyar nan ta nuna mini abu biyu da ban san akwai su ba, ɗaya a cikin ƙwallon da bai kai barkono ba, ɗaya a bakin titin Madani. Na yi ta auna abin a raina, in da za a mayar da ni bakin motar nan da fulas a hannu, me zan yi? Kullum amsar ɗaya ce. Akwai wata baiwar Allah a Soba, ban san sunanta ba, ban ga fuskarta ba, asidarta kawai na ci. Tana nan a ɗakinta.